Makulli Ɗaya, Amana Mai Nauyi: Nasiha ga Mai Kula da Sabar Fayil

Ɗana, na ji an damƙa maka aikin haɗa sabar da ma'aikatarku ke aikawa da karɓar fayiloli da babban kundin sunayen ma'aikata, domin kowa ya riƙa shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Allah ya sanya alheri. Haɗin kansa ba shi da wuya, yaro mai kai zai gama shi tsakanin azahar da la'asar. Abin da ke da wuya shi ne sanin nauyin da ya hau kanka daga lokacin da haɗin ya fara aiki. Na daɗe ina wannan sana'a, na ga inda aka yi ta da kyau aka zauna lafiya, na ga inda aka yi ta da gaggawa aka kwana ana salati. Ka ba ni aron kunnenka.

Da farko ka san dalilin aikin, don wanda bai san dalilin abu ba, da ya ji wuya zai sake shi. Kowace sabar fayil, ko ProFTPD ce, ko vsftpd, ko OpenSSH, ko wadda ke cikin IIS na Microsoft, tana iya riƙe nata jerin sunaye. Haka aka saba yi a ofisoshi da yawa: imel da nasa jerin, manhajar albashi da nata, sabar fayil da nata. Ranar da aka ɗauki sabon ma'aikaci, kowa na rawar jiki, a buɗe masa asusu a wuri biyar domin yana tsaye a kanka yana jira. Ranar da ya bar aiki kuwa babu mai tsayawa a kanka. Sai a rufe biyu, a manta da uku.

An taɓa kirana wata ma'aikata in duba musu sabarsu. Na buga jerin sunayen da ke cikinta a takarda, na ɗauka na tafi ofishin kula da ma'aikata. Wata dattijuwa ce a kan teburin, ta sa tabarau, ta ɗauki jan biro, ta fara bin sunayen ɗaya bayan ɗaya. "Wannan ya yi ritaya. Wannan an mayar da shi wata jiha. Wannan ɗan bautar ƙasa ne, ya gama tuntuni." Da ta kai kan wani suna sai ta ajiye biron, ta ce, "Malam, wannan ai Allah ya yi masa rasuwa tun kafin azumin bara." Na koma na buɗe rajistar shige da fice ta sabar, sai ga shi an shiga da sunan mamacin a cikin makon nan. Da aka bincika, abokan aikinsa ne suke amfani da kalmar sirrinsa, domin asusunsa yana kaiwa ga foldar albashi, nasu kuma ba ya kaiwa. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Amma da a ce fayil ya ɓace, ko an sauya lamba a cikinsa, wa za a tambaya? Rajista ta ce wanda ke kabari ne ya yi.

Kada ka ɗauka wannan ciwon ƙananan ofisoshi ne kawai. A 2021 masu kutse suka shiga kamfanin Colonial Pipeline na Amurka, wanda bututunsa ke ɗaukar kusan rabin man da ake sha a gabashin ƙasar. Ta wani tsohon asusu na shiga daga nesa suka bi, wanda aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma babu wani mataki na biyu na tantancewa a kansa. Bututun ya tsaya kwanaki, layuka suka cika gidajen mai, kamfanin ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amfanin kundi ɗaya ke nan: sunan mutum ya zauna a wuri ɗaya, in an rufe shi a can, ya rufu a ko'ina.

Yanzu ka fahimci yadda abin ke gudana, ba haddar umarni kawai ba. Harshen da sabar ke magana da kundin da shi ana kiransa LDAP. Tim Howes na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa ne suka fito da shi, aka wallafa shi a 1993 domin sauƙaƙa wani tsari mai nauyi da ya gabace shi mai suna X.500. Da shi OpenLDAP ke aiki, kuma Active Directory, wanda Microsoft ya fitar tare da Windows 2000, shi ma yana jin sa. Idan ma'aikaci ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, abu uku ne yawanci ke faruwa. Sabar ta fara gabatar da kanta ga kundin da nata asusun. Sannan ta nemi a nuna mata cikakken gurbin wannan mutumin a cikin kundin. Sannan ta miƙa gurbin tare da kalmar sirrin da ya rubuta, ta jira amsa. In kundin ya amince, ta buɗe masa. In ya ƙi, ta mayar da shi.

Ka ɗauki kundin kamar mai unguwa. Baƙo ya yi sallama a ƙofar gidanka da dare, ka aika yaro ya tambayo mai unguwa ko ya san shi. Amsar da za ta dawo tana da amfani ne kawai idan yaron bai tsaya a hanya ya faɗa wa kowa saƙon ba, idan gidan mai unguwar na gaskiya ya je, kuma idan kai mai gida ka tuna cewa "na san shi" ba ya nufin "ka shigar da shi ɗakin ajiyarka." Ka riƙe wannan misali a sauran nasihata.

Na farko, hanya. Kafin haɗin, in an sace kalmar sirrin sabar fayil, fayil kawai aka samu. Bayan haɗin, kalmar da mutum ke rubutawa a sabar ita ce ta imel ɗinsa, ita ce ta kwamfutar teburinsa, wataƙila ita ce ta manhajar kuɗi. Ka sauƙaƙa wa ma'aikata, amma ka ƙara wa ɓarawo riba. Shi kuwa FTP tsoho ne. Abhay Bhushan ya rubuta shi a 1971 yana cibiyar MIT, aka daidaita ƙa'idarsa a 1985, a zamanin da masu amfani da hanyar sadarwa 'yan kaɗan ne kuma sun yarda da juna. Ba ya ɓoye komai.

Ina so ka gani da idonka, kada ka tsaya a kan maganata. Ka buɗe manhajar Wireshark a kan kwamfutar gwaji, ka saurari ƙofa mai lamba 21, sannan ka shiga sabar da asusun gwaji. Za ka ga layi ya fito, USER, sai sunan. Sabar ta amsa da lamba 331, wato kawo kalmar sirri. Layi na gaba, PASS, sai ga kalmar nan ɓaro-ɓaro, harafi bayan harafi, kamar yadda ka buga ta. Sai 230, an shiga. Duk wanda ya iya sauraron wannan hanya, abin da zai gani ke nan. Na nuna wa shugabanni wannan allon a lokacin da dogon bayani ya kasa shawo kansu, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙara musu bayan ya ga kalmar ba.

Irin wannan satar ce ta faru a hanyar sadarwar jami'ar fasaha ta Helsinki a ƙasar Finland, har ta sa Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH a 1995. A kansa SFTP ke tafiya, ta ƙofa mai lamba 22, komai a kulle. Akwai kuma FTPS, wato tsohon FTP da aka lulluɓe da TLS. Ka zaɓi ɗaya daga cikinsu, ka toshe tsirarar hanyar gaba ɗaya. Chrome da Firefox ma sun cire FTP daga manhajojinsu a 2021. Idan akwai tsohuwar na'ura a ofis, kamar injin hoton takardu, da ba ta jin komai sai tsohon FTP, ka ba ta nata asusun daban wanda ba shi da alaƙa da kundin, ka tsare ta a folda ɗaya a cikin gida.

Kada ka manta tafiyar zango biyu ce. Akwai daga ma'aikaci zuwa saba, akwai daga saba zuwa kundi. Matasa da yawa sukan kulle zangon farko su bar na biyu a buɗe, suna cewa ai cikin gida ne. LDAP a ƙofa mai lamba 389, in ba a kunna StartTLS ba, shi ma a fili yake kai kalmar sirri. Ko dai ka kunna StartTLS, ko ka bi ta ƙofa mai lamba 636. Kuma za ka ci karo da wata jarrabawa a nan: sabar za ta ƙi haɗuwa, ta ce ba ta amince da takardar shaidar kundin ba. Za ka sami masu ba ka shawara ka kashe binciken takardar, layi ɗaya ne, nan take komai ya yi aiki. Kada ka yarda. Wannan binciken shi ne kaɗai ke tabbatar wa sabarka cewa da kundin gaskiya take magana. In ka kashe shi, duk wanda ya tsaya a tsakani ya ce shi ne kundi, za ta zuba masa kalmomin sirrin mutanenka. Ka nemo takardar hukumar da ta sa hannu a kan shaidar, ka ɗora ta a sabar, ka kira kundin da cikakken sunansa kamar yadda yake a rubuce a takardar. Ka kuma rubuta ranar ƙarewarta a kalanda, domin ranar da ta ƙare babu mai shiga.

Na biyu, asusun da sabar ke gabatar da kanta da shi. Kalmar sirrin wannan asusun a cikin fayil ɗin saiti take zama, sau da yawa a rubuce ƙarara. Ita kuma sabar fayil tana bakin hanya, tana fuskantar duniya. Na sha buɗe irin wannan fayil a wuraren da aka kira ni in tarar da asusun babban mai iko na kundin gaba ɗaya a ciki, don kawai shi ne ya yi aiki a gwajin farko. Ma'anar haka ita ce duk wanda ya fasa sabar ya mallaki ma'aikatar. Ka buɗe mata asusu nata na kanta, mai ikon karatu kawai, a reshen kundin da take buƙata kawai. Ka ba shi doguwar kalmar sirri, ka hana shi shiga kowace kwamfuta, ka taƙaita masu iya buɗe fayil ɗin saitin.

Na uku, sani daban, izini daban. In ka haɗa sabar ka tsaya a nan, duk mai suna a kundin zai iya shiga, daga darakta har ɗalibin da ya zo koyon aiki na wata uku. Ka buɗe rukuni a cikin kundin na masu izinin sabar fayil, ka sa sharaɗi cewa sai ɗan rukunin ne zai wuce. In sassa sun bambanta, kowane sashe da rukuninsa da foldarsa. Ka ba rukuni izini, kada ka ba mutum da sunansa, domin mutane na sauya kujera, aiki kuwa yana nan. Sannan ka killace kowa a foldarsa yadda ba zai iya hawa sama ya leƙa ta wani ba. A OpenSSH akwai saitin ChrootDirectory domin haka, kuma ka haɗa shi da umarnin da ke tsare mutum a kan aika fayil kawai, kada asusun fayil ya zama hanyar ba kwamfutar umarni.

Akwai gwaji guda da nake roƙon ka da kada ka tsallake shi. Ka rubuta sunan asusun gwaji, ka bar gurbin kalmar sirri fayau, ka danna shiga. A tsarin LDAP, suna da aka aiko ba tare da kalmar sirri ba, kundi na iya ɗaukarsa a matsayin baƙo marar iko ya amsa da cewa ya karɓa. Manhajar da ba a rubuta ta da lura ba sai ta ji "na karɓa" ta ɗauka an tantance mutumin, ta buɗe masa. Ƙa'idar LDAP da aka sabunta a 2006 ta yi gargaɗi a kan wannan da kanta. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. In ka ga an mayar da kai, ka gode wa Allah. In ka ga ka shiga, ka kashe sabar nan take har sai ka gyara.

Mutanen waje, 'yan kwangila da masu binciken kuɗi da abokan hulɗa, su ma za su nemi shiga. Kada ka cusa su cikin ma'aikata. Ka ware musu reshe nasu, kowane asusu da ranar ƙarewarsa tun ranar buɗe shi, da sunan ma'aikacin cikin gida da ya tsaya masa. In kwangila ta ƙara tsawo, a zo a nemi ƙari. Ya fi sauƙi a dame ka da neman sabuntawa a kan ka wayi gari da asusun da babu wanda ya san mai shi.

Tun da dalilin aikin duka shi ne ranar tafiyar ma'aikaci, to ka gwada wannan ranar kafin ta zo. Ka dakatar da asusun gwaji a kundin, ka yi ƙoƙarin shiga. Ka gwada da kalmar sirri, sannan ka gwada da makullin SSH, domin a nan ake yawan tuntuɓe. Makullin yana zaune a kan sabar ne, kuma in ba a saita ta ta tambayi kundi halin asusun ba, mutumin da aka sallama jiya zai shiga yau da makullinsa. Ka duba kuma manhajojin da ke tsakani, irin su SSSD, waɗanda ke ajiye bayanin shiga na ɗan lokaci saboda ranar da kundin ba ya samuwa. Ka san tsawon lokacin da suke riƙewa. Bayan haka ka je ofishin kula da ma'aikata ku yi yarjejeniya a rubuce: duk takardar ritaya, ko sauyin wurin aiki, ko sallama, ko rasuwa, kofinta ya iso teburinka a ranar. Kundi ba ya sanin wanda ya tafi sai an faɗa masa.

Ka yi tanadin ranar da kundin zai faɗi. A ƙasarmu wuta na ɗaukewa, janareta na ƙin tashi, batir na mutuwa, kuma in kundin ya yi shiru babu mai shiga sabar, har da kai. Ka sa kundi biyu a saiti, in da hali ba a ɗaki ɗaya ba. Ka ajiye asusun gaggawa guda a kan sabar kanta, kalmarsa a ambulan da aka liƙe, a akwatin ƙarfe, da sanin shugabanka, kuma a sauya ta duk lokacin da aka buɗe ambulan ɗin. In kuna amfani da Kerberos, ka lura da agogo: bisa saitin da aka saba, bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin saba da kundi ya isa ya hana kowa shiga, alhali kalmar sirrin kowa daidai take. Sannan ka sani, sabar da ke fuskantar intanet dare da rana ana ƙwanƙwasa ta da kalmomin cinta. Da yake ta haɗu da kundi, wannan ƙwanƙwasar na iya kulle asusun ma'aikata na gaske, mutum ya zo da safe ya kasa buɗe ko imel ɗinsa. Ka sa manhaja irin fail2ban ta kori mai yawan kuskure, ka taƙaita adireshin da za a iya shigowa daga gare su, ka ƙara mataki na biyu na tantancewa ga duk mai shigowa daga waje.

Duk da haka, tantance mai shiga ba ya rufe ɓarakar da ke jikin manhajar. A ƙarshen watan Mayun 2023 gungun masu kutse da ake kira Cl0p suka yi amfani da wata ɓaraka a manhajar aika fayil ta MOVEit, suka kwashe bayanan hukumomi da kamfanoni fiye da 2,000. Har bayanan ma'aikatan BBC da British Airways abin ya shafa, ta hannun kamfanin da ke lissafa musu albashi. Ba su buƙaci kalmar sirrin kowa ba. Darasi biyu ne a nan: ka riƙa sabunta manhajar da zarar gyara ya fito, kuma kada ka bar fayil ya shekara a sabar. An aiko, an karɓa, a kwashe. Abin da ba ya nan ba a sace shi. Ka tuna kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ranar da haka ta faru, rajistarka ce za ta yi magana, don haka ka aika kofinta zuwa wata na'ura daban, kuma ka riƙa karanta ta tun kafin a shiga matsala.

Saura maganar hali, wadda ta fi duk abin da na lissafa. Wata rana babba zai kira ka ya ce a buɗe wa ɗan'uwansa asusu ba tare da takarda ba, ko a ba sakatarensa kalmar sirrinsa, ko a cire shi daga dokar da ta hau kan kowa. Kada ka ɗaga murya, kada kuma ka miƙa wuya. Ka ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da aka yi da wannan asusun da sunanka zai fito. Bari in buɗe wa sakataren nasa, in sa shi a rukunin da ya dace, yanzu-yanzu." Yawancin manya in ka nuna musu mutuncinsu kake karewa, kuma ka kawo mafita a hannu, za su saurare ka.

Kai ma ka tsare kanka. Matsayinka zai ba ka ikon buɗe foldar kowa: albashin abokinka, takardar asibitin maƙwabcinka, wasiƙar ladabtar da wanda ba ku jituwa. Kada ka buɗe abin da aiki bai kai ka ba, ko da babu mai gani. Kada ka tambayi kowa kalmar sirrinsa, kuma in ya fara faɗa maka ka dakatar da shi. Ka rubuta duk abin da ka saita a takardar da na bayanka zai karanta ya gane, ka kuma koya wa na ƙasa da kai. Mai ɓoye ilimin aiki don a riƙa nemansa ya ci amanar wurin da ke ciyar da shi.

Saboda haka, ɗana, kada ka ce wa shugabanka an gama don kawai ka ga asusunka ya shiga. Ka tabbata wanda ba ya cikin rukuni an mayar da shi, marar kalmar sirri an mayar da shi, wanda aka dakatar an mayar da shi ta kowace hanya, kuma ka saurari zangon nan biyu ba ka ga kalmar kowa a fili ba. Gobe da safe, kafin ka taɓa saiti ko ɗaya, ka buga jerin sunayen da ke kan sabarku, ka kai ofishin kula da ma'aikata a tace maka su. Sirrin mutane ne a hannunka, kuma za a tambaye ka a kansa.